Idan Hajiya ta fara tafiya tana kallon ƙafarta

Duk wanda ya saba raka tsofaffi Harami ya san wannan tsayuwar. Dattijuwa ta iso bakin matakalar lantarki ta ja ta tsaya, ta sunkuyar da kai ta ƙura wa ƙafafunta ido, ta ɗaga ta dama ta mayar, jama'a na taruwa a bayanta. 'Ya'yanta su ce tsoro ne, ko rashin sabo, ko tsufa kawai. Sau da yawa abin ya fi haka. Ƙafar ce ta daina gaya mata inda take, shi ya sa take roƙon ido ya gaya mata.

Rufe idonka, ka kai hannu bayan ƙeyarka, ka lanƙwasa yatsu biyu. Ba ka ganin hannun, ba abin da yake taɓawa, amma ka san inda yake, ka san yatsun da ka lanƙwasa. Wannan wani ji ne mai zaman kansa, daban da gani da taɓawa, kuma masanin jijiyoyi na Ingila Charles Sherrington ne ya ware shi ya ba shi suna a 1906. A nan zan riƙa ce masa jin gaɓa. Da shi kake kai loma baki cikin duhu, da shi direba yake sauya ƙafa daga totur zuwa birki ba tare da ya leƙa ƙasa ba, da shi mai salla yake sanin bayansa ya miƙe a ruku'u.

Mafi yawan labarin daga tsoka yake fitowa. A cikin kusan kowace tsoka akwai wasu 'yan zaruruwa masu siffar mazari, tsawonsu 'yan milimita, kwance a jere da naman. Idan tsokar ta miƙe su ma sai su miƙe, su aika saƙon yawan miƙewar da saurinta. A inda tsoka ta haɗu da agara kuma akwai wasu masu auna ƙarfin ja, waɗanda aka sa wa sunan Camillo Golgi na Italiya. Su ne ke sa ka gane jarkar Zamzam mai lita 5 cike take ko rabi tun daga ɗagawar farko. Fatar tafin ƙafa tana faɗin inda nauyi ya karkata, dunduniya ko yatsu, gefen ciki ko na waje. Rufin gaɓar kansa da igiyoyin da suka ɗaure ta suna ƙara nasu bayanin, musamman idan gaɓa ta kusa ƙurewa. Duk wannan yana bin jijiyoyin saƙo mafi kauri da sauri a jiki, masu gudun sama da mita 50 a sakan ɗaya. Wani saƙon a laka yake juyowa ya koma wa tsoka, irin zaburar da ƙafa ke yi idan likita ya ƙwanƙwasa ƙasan gwiwa. Wani ya hau ta bayan laka zuwa ƙwaƙwalwa, shi ne wanda kake sane da shi. Wani kuma ya tafi ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙeya, wadda ke gyara motsi ba tare da ta shawarce ka ba. Shi ya sa idan ƙafa ta gurɗe, tsokokin ƙwauri sukan fara gyara cikin kimanin kashi 1 cikin 10 na sakan, tun kafin ka ankara. Ido ba ya iya wannan saurin.

Kyautar Nobel ta fannin likitanci ta 2021 ta taɓo wannan batu kai tsaye. Ɗaya daga cikin mutum biyun da suka karɓe ta, Ardem Patapoutian, haifaffen Beirut, shi da abokan aikinsa ne suka gano 'yar ƙofar da ke jikin waɗannan jijiyoyi, PIEZO2, wadda ke buɗewa idan an ja ta ko an danna ta, ta mayar da motsi saƙo. Waɗanda aka haifa tasu ba ta aiki sukan daɗe ba su fara tafiya ba, kuma da an rufe musu ido sai tafiyar ta wargaje. Akwai kuma wani Bature, Ian Waterman, da wata rashin lafiya ta lalata masa waɗannan jijiyoyi daga wuya zuwa ƙasa a 1971, yana ɗan shekara 19. Tsokarsa da ƙarfinta, amma ko zama ya gagare shi. Daga baya ya koyi tafiya ta hanyar kallon kowace gaɓa da lissafa kowane taku, kuma idan wuta ta ɗauke sai ya zube inda yake. Abin da ya same shi gaba ɗaya a 'yan kwanaki shi ne ke samun iyayenmu kaɗan-kaɗan cikin shekaru.

Tsayuwar mutum kamar shari'a ce mai shaidu uku: ido, da kunnen ciki mai auna juyawar kai da karkatarsa, da jin gaɓa. Idan shaida ɗaya bai zo ba, biyun sun isa a yanke hukunci. Idan biyu suka ɓace, ko ɗaya ya ɓace ɗaya kuma ya zo da ƙarya, sai mutum ya faɗi. Wanda jin gaɓarsa ya yi rauni yana iya yin shekaru bai sani ba, domin ido yana rufa masa asiri a cikin ɗakin da ya saba da shi.

Filin ɗawafi kuwa wuri ne da ke ƙwace wa ido aikinsa. A cikin cunkoso ba ka ganin ƙasa, bayan mutum kake gani. Duk abin da ke gabanka tafiya yake yi, babu tsayayyen abu da ido zai dogara da shi. Farin marmaran sumul yake, kala ɗaya, ga ƙyalli. Mai ɗawafi yana waiwaya hagu ya dubi Ka'aba, yana ɗaga hannu saitin Hajarul Aswad, wani ma yana karanta addu'a daga waya. Kowace waiwaya tana girgiza shaidar kunne, kowane kallon waya yana ɗauke shaidar ido, nauyin duka ya koma kan tafin ƙafa da idon sawu. Sannan a wuce sa'ayi, kusan kilomita 3 idan an haɗa zirga-zirga bakwai tsakanin Safa da Marwa da 'yar hawa a kowane ƙarshe, alhali tsokar da ta gaji ba ta ba da labari daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki. Karayar ƙugu a jikin ɗan shekara 75 ba ƙaramar magana ba ce, sau da yawa daga nan kwanciya ke farawa.

Alamun sukan bayyana a gida tun kafin a zo Harami, sai dai ba a ɗaukarsu da muhimmanci. Wadda ta fi saurin fitowa a wurin alwala take: mutum na tsaye gaban famfo, ya rufe ido zai wanke fuska, sai ya yi baya-baya ko ya yi saurin dafa bango. Wani sai a ga ya daina wanke ƙafa a tsaye. Wani silifas ya zame daga ƙafarsa ya ci gaba da tafiya bai sani ba. Wani takunsa ya yi ƙarfi, yana buga dunduniya da ƙasa kamar mai fushi, yana kuma ware ƙafafu. Dattijon da ya daina zuwa masallaci Asuba da Isha amma yana zuwa Azahar, musamman a unguwanninmu na kan duwatsu masu matakala da lungu mara fitila, a tambaye shi dalili a hankali. Da bakinsu sukan ce kamar kan auduga suke takawa, ko kamar akwai safa a ƙafar alhali babu.

A bambance wannan da jiri, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Idan ɗaki ne ke juyawa na 'yan sakanni lokacin sujada ko juyi a kan gado, galibi kunnen ciki ne. Idan duhu-duhu ne ke rufe ido lokacin miƙewa daga zaune, a auna bugun jini a kwance da a tsaye, a duba magungunan hawan jini. Mai matsalar jin gaɓa kansa garau yake. A zaune ba ya jin komai. Sai ya miƙe ne ƙasa ke yi masa gardama.

Gwajin gida ba ya cin minti goma, amma kada a yi shi sai da mai ƙarfi tsaye a gefe, hannuwansa a shirye. Na farko a zaune ake yi. Ka kama babban yatsan ƙafa ta gefe da gefe, ba ta sama da ƙasa ba, don kada matsin yatsunka ya ba da amsa, kuma kada ya goga na kusa da shi. Ka fara nuna mata ido buɗe: wannan sama, wannan ƙasa. Sannan ka ce, “Hajiya, rufe idonki. Sama na kai shi ko ƙasa?” Ka motsa shi kaɗan ƙwarai, ba a jere ba, sau goma a kowace ƙafa. Mai lafiya yana gane motsin da ido ma da kyar yake gani. Wadda ke yin shiru tana jira, ko tana murza yatsan da kanta kafin ta amsa, ko tana cin rabi tana faɗuwa rabi, cinta take yi. Idan yatsa ya gaza a gwada idon sawu, sannan gwiwa, a ga inda jin ya dawo.

Na biyu shi ne gwajin da ya samo suna daga likitan Jamus Moritz Romberg na ƙarni na 19. A tsaya ƙafafu haɗe, ido buɗe, sakan 30. Sannan a rufe ido, wani sakan 30. 'Yar rangaji kaɗan kowa na yi. Abin dubawa shi ne wanda ya tsaya cak ido buɗe, amma da rufewa sai ya ɗaga ƙafa ko ya tafi zai faɗi. Wanda kuwa ko ido buɗe ba ya iya tsayawa, matsalarsa wata ce daban, ya ga likita. Sai na uku: dunduniyar ƙafa ɗaya a gaban yatsun ɗayar, a layi guda. Wanda bai kai sakan 10 a haka ba yana cikin haɗarin faɗuwa. Haka wanda ya ɗauki sakan 12 ko fiye wajen tashi daga kujera, tafiyar mita 3, juyowa da sake zama.

A asibiti za a ƙara da wani ƙarfe mai kaɗawa da ake ɗorawa kan ƙashin yatsa, da wani siririn zaren roba mai danna nauyin giram 10 a tafin ƙafa, da gwajin jini.

Gwajin jinin nan shi na fi so iyalai su dage a kansa, saboda a nan ake samun abin da ke gyaruwa. Babban mai laifi a cikinmu ciwon suga ne. Kusan rabin masu shi jijiyoyinsu kan taɓu a tsawon rayuwa, kuma daga yatsun ƙafa abin ke farawa, domin jijiyar da ke zuwa can ita ce mafi tsawo, kusan mita guda daga ƙasan baya. Yana haurawa a hankali, ƙafa biyu tare, idan ya kai wajen gwiwa sai kan yatsun hannu su fara. Abin da ya mutu ba kasafai yake dawowa ba, amma riƙe suga yana rage saurin ɓarnar. Na biyu ƙarancin bitamin B12, wanda ke lalata ainihin hanyar bayan laka da saƙon ke bi. Ana samun sa a nama, hanta, kifi, ƙwai da madara, amma cikin tsoho yakan kasa tsotse shi ko da yana ci. Maganin suga metfomin idan an daɗe ana sha yana rage shi, haka magungunan rage tsamin ciki irin omefirazol. Wato mai suga yana iya haɗa dalili biyu, a ɗora komai kan suga a bar ɗayan, alhali allura ko ƙwaya za ta iya tsayar da shi idan an kama da wuri. Kada a daina metfomin saboda wannan. A nemi a auna B12 kawai.

Akwai wani tarko da ke damuna ƙwarai. Mutum ya ji ƙafa na masa zugi ko kamar ana tsira masa allura, sai ya shiga saidaliyya, wato kantin magani, ya sayi ƙwayoyin bitamin B “na jijiya”, ya yi ta sha wata da watanni. Bitamin B6 idan ya yi yawa shi kansa yana lalata jijiyoyin ji. Iyakar da Amurka ta sa wa manya miligiram 100 ce a rana, hukumar abinci ta Turai kuma ta saukar da tata zuwa 12 a 2023. A juya kwalin a karanta, a haɗa da abin da ke cikin sauran ƙwayoyin da ake sha. Sauran dalilai sun haɗa da wasu magungunan kansa, maganin tarin fuka isoniyazid, ciwon ƙoda, giya, da matsewar laka a wuya, wadda kan zo da kasa ɓalla maɓalli da yawan sakin abu daga hannu. Magungunan barci da na mura masu sa gyangyaɗi ba sa kashe jijiya, amma suna jinkirta amsar ƙwaƙwalwa, kuma da mura ta kama alhaji su ake fara miƙa masa.

Abin da ya zo farat ɗaya ba na gwajin gida ba ne. Gefe ɗaya ya saki, baki ya karkace, magana ta harɗe, ko rauni na haurowa daga ƙafa cikin kwanaki, ko fitsari ya ƙwace: a kira 997 idan a Saudiyya ake, ko 911 a yankin Makka, nan take.

Jin gaɓa yana karɓar horo, har a jikin ɗan shekara 80. Ko jijiyar ba ta warke ba, ƙwaƙwalwa tana koyon cin moriyar ɗan saƙon da ya rage, tsoka kuma tana ƙara saurin amsawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba waɗanda suka kai 65 shawarar atisayen daidaito da ƙarfi aƙalla kwana 3 a mako. Wanda ke da niyyar Hajji ko Umra ya fara tun saura wata biyu zuwa uku, minti 10 zuwa 15 a rana.

Wuri mafi aminci kusurwar ɗaki ce: baya na fuskantar kusurwar, kujera mai nauyi a gaba. A fara da ƙafafu haɗe, sakan 30. Idan ya zama wasa, a zame ƙafa ɗaya rabin taku gaba. Daga nan dunduniya gaban yatsu. Daga nan ƙafa ɗaya, sakan 10 har a kai 30, kowane ɓangare sau uku. Sai an mallaki mataki ake ƙara masa wahala, abu ɗaya a lokaci guda: waiwaya hagu da dama a hankali, ko tsayawa kan sallaya da aka ninka huɗu, ko rufe ido, ko yin tasbihi da ƙirga a lokaci ɗaya, tunda a ɗawafi ma baki da zuciya ba kan ƙafa suke ba. A haɗa da tafiyar dunduniya-bi-yatsa taku 10 a gefen bango, tafiyar gefe, tashi daga kujera ba dafawa sau 10, da ɗage dunduniya sau 10 zuwa 15 don ƙarfin sha-raɓa.

Inda ake ɓata aikin wuri biyu ne. Wasu su ƙanƙame kujera da hannu biyu, hannu ya yi aikin da ake so ƙafa ta koya. A sauko daga hannu biyu zuwa ɗaya, zuwa yatsa biyu, zuwa hannu na shawagi saman kujera. Wasu kuma su tsaya kan mataki mai sauƙi wata guda. Idan idon sawu ba ya 'yar rawa yana gyarawa, ba a koyon komai. Idan kuma sai an yi ta kai hannu ana cafka, an yi gaggawa, a koma baya. Kuma da an daina, ribar takan zube cikin 'yan watanni.

Wani abin da bincike ya tabbatar, mai amfani sosai a cikin taro, shi ne ɗan taɓa tsayayyen abu da kan yatsa, ko da ba a jingina nauyi ba, yana rage rangaji sosai, domin yatsan ya zama sabuwar hanyar labari. Don haka a ɗawafi dattijo ya ɗora hannu a kafaɗa ko damtsen ɗan rakiya, shi kuma ɗan rakiyar ya yi gaba da rabin taku. Jan tsoho ta wuyan hannu kuskure ne, yana fizge shi daga daidaitonsa. Sanda ma rabin aikinta kai wa hannu irin wannan labarin ne. Tsawonta ya kai wuyan hannu idan an saki hannu a tsaye, a riƙe ta a ɓangaren da ke kishiyar ƙafar da ta fi rauni, a duba robar gindinta kada ta cinye.

Safar ƙafa zalla a kan marmara santsi gare ta, mata su nemi mai ɗigon roba a tafi. A kula da wuraren shan Zamzam da inda aka gama wanke ƙasa. A ɗauki lif maimakon matakalar lantarki, a ɗage harami ko abaya daga idon sawu. A huta tsakanin ɗawafi da sa'ayi. A Muzdalifa, inda duhu da gargada da gajiya ke haɗuwa, matasa su tsinto wa tsofaffi tsakuwa. A waje kuma, takalmi mai laushin katifa yana ɓoye wa ƙafa ƙasa. Wanda ya fi shi ne mai tafi ɗan tauri, mara tudu, mai kama dunduniya, kuma namiji mai larura ya tambayi malami abin da ya halatta masa cikin harami. Mai suga kada ya kuskura ya taka waje ba takalmi. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kwalta kuma ta fi iska zafi, ƙafar da ba ta ji tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba. Ya riƙe takalminsa a jaka, ya duba tafin ƙafarsa kowane dare. Wanda gwaji ya nuna ba zai iya ba, ya hau arabiya, wato keken da ake tura mutum a kai, ba tare da jin nauyi ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ɗawafi a kan raƙumi, ya kuma umarci Ummu Salama ta yi nata a kan abin hawa lokacin da ba ta da lafiya.

Matasa ma abin ya shafe su ta hanyar targaɗe. Yaro ya gurɗe a filin ƙwallo, a ɗaure, kumburi ya saɓe, ya koma wasa, bayan wata biyu ƙafar nan dai ta sake gurɗewa. Igiyoyin gefen waje na idon sawu da suka yage sun tafi da wani ɓangare na jin gaɓar, kuma ɗaukewar zafi ba ta nufin jin ya dawo. Wani bincike da aka yi a Holan a 2009 ya nuna atisayen daidaito na mako 8 a gida ya rage maimaituwar targaɗe da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Atisayen su ne dai na sama, sai a ƙara da cafe ƙwallo a kan ƙafa ɗaya, daga baya tsalle da dira a kan ƙafa ɗaya, a fara da zarar an iya taka ƙafar ba zafi mai tsanani. Amma wanda ya kasa yin taku huɗu bayan gurɗewar, ko yake jin zafi idan an danna kan ƙashin idon sawun kansa, ya fara zuwa a ɗauki hoto kafin kowa ya ja masa ƙafa.